Tasha ta Tara

Asabar, 28 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga taron ƙungiyarmu ta masu rediyo kaina na ciwo. Saura mako uku zagayen tsofaffin motoci, kuma har yau Tokunaga, sakataren masu shiryawa, bai ba mu cikakken jerin lambobi ba. Ya zo da takalminsa mai sheƙi yana ta shafa waya, wai akwai kamfanin da ke maƙala wa kowace mota wata 'yar na'ura, kana zaune a ofis kana ganin inda take. Na ce masa ya ɗauki wayar tasa ya hau mashigin dutsen Karasu, in ya samu ya kira matarsa daga can ni zan biya masa abincin rana. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekara goma sha bakwai muna wannan aiki da rediyonmu, ba wanda ya taɓa ba mu ko yen ɗaya. Mota sittin da biyu bana, ƙaramar cikinsu ta haura shekara hamsin, za su bi kilomita ɗari da arba'in cikin duwatsu. Tasha takwas muke kafawa a hanya. Kowace mota ta wuce, mai tasha ya faɗo lambarta, ni da nake Cibiya in rubuta. In mota ta bar tasha ta Huɗu ba ta iso ta Biyar ba, mun san inda za a nema. Ƙa'idarmu ɗaya ce tun farko, kuma ni na kafa ta: ba mai naɗe eriyarsa ya tafi gida sai Cibiya ta kira shi ta sallame shi. Na maimaita musu yau kamar kowace shekara, suka amsa kamar 'yan makaranta.

Abokina Shozo zai riƙe ta Biyar, a kan Karasu, inda yake tun shekarar farko.

Sau uku ya tambaye ni ranar zagayen.

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Kowa yana mantuwa. Ni ma jiya na nemi tabarau yana kan goshina.

Lahadi, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Gwaji. Motocinmu huɗu muka liƙa wa lamba suka bi hanyar. Eriyar ta Biyu ta faɗi sau biyu saboda mai ita ya ƙi sayen igiya mai kyau. Mai ta Bakwai kuwa surutu, sai ya gaya mini launin mota da yadda ganye ya fara ja, kamar na tambaye shi. Lamba nake so da lokaci, shi ke nan.

Muryar Shozo ta fi ta kowa fita. Haka take tun muna samari, tun lokacin da muka haɗa rediyonmu na farko a ɗakin ajiyar tuffa na babansa, shekara hamsin da biyu ke nan. Ba ya gaggawa, ba ya cin kalma.

Ya faɗo mota ta uku. Bayan minti shida ya sake faɗo mota ta uku. Mota ta biyu kuwa bai faɗe ta ba sam, sai ta Shida ce ta gan ta.

Da fensir nake rubutu. Na gyara.

Ushio-san, 'yar ƙungiyarmu, tana zaune kusa da ni tana riƙe da kwafi na biyu, kuma ita da biro take rubutawa. Ta dubi littafina, ta dubi nata, ta rufe bironta. Ta yi shekara talatin tana aikin jinya, ba ta iya kawar da kai ba. Da muna loda kaya a mota ta ce, "Kuwabara-san, yaushe za ka yi masa magana?"

Na ce wace magana. Ta ce, "To," ta shiga motarta.

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Matata Fumie ta ajiye mini miya da ƙarfi har ta fantsama. Wai Harumi, matar Shozo, ta kira ta jiya suka daɗe. Na ce ba na son jin hirar mata da sassafe. Ta ce, "Baban Keiko, ba hira ba ce. Sun je asibiti tun watan Yuli. Kai kaɗai ne a garin nan kake yin kamar ba ka sani ba."

Na ce miyar ta yi gishiri. Ba ta yi ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, tsakar rana

Tokunaga ya aiko jerin lambobi. Mota biyu da lamba 18. Haba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je gidansu da niyya. Tun a hanya na shirya abin da zan ce, har na gwada shi da ƙarfi a cikin mota: Shozo, bana ka zauna kusa da ni a Cibiya, ƙafarka ba ta son sanyin Karasu.

Harumi ta tare ni a ƙofa ta rusuna fiye da yadda ta saba. Cikin gidan duk takardu ne a liƙe. Ɗaya a kan murhu, ɗaya a ƙofar fita, ɗaya a jikin madubi da sunayen jikokinsu. Ban karanta sauran ba.

Na same shi a ɗakin rediyo yana naɗe waya a gwiwar hannu, yadda babansa yake naɗe igiya. Batir biyu na caji. Ya riga ya shirya jaka, saura kwana goma.

Ya ce, "Teiji, ka tuna lamba 33?"

Wa zai manta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata koriyar mota ta zame a kwana ta uku bayan Karasu ta faɗa cikin itatuwa, ba wanda ya gani. Shozo ne ya lura ta wuce shi ba ta isa ta Shida ba cikin minti tara, ya tayar da mu. An fito da mutumin da ransa. Ya ba ni labarin yau da lokutansa daidai, goma da minti arba'in da biyu, goma da hamsin da ɗaya, har da sunan matar direban. Kowace shekara mutumin yana aiko masa da kwalin lemo daga kudu.

Sai ya ce, "Mutum in yana kan Karasu ya san yana da amfani."

Na sha shayina. Na yaba sabon batirinsa. Harumi ta rako ni har mota da jakar tuffa, tana kallon bakina. Na ce mata ba a samu dama ba. Ta ce, "Ni ba zai ji daga gare ni ba, ya ce ban san rediyo ba. Kai kaɗai yake ji."

Tuffar na nan a bayan mota, ban shigo da ita ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ruwa. Na hau rufi na ɗaure eriyar da ba abin da ya same ta. Fumie ta tsaya a ƙasa da lema tana ce mini tsohon banza.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Ushio-san ta zo gida, ba ta ko cire rigar ruwa ba. Ta ce in ban janye shi daga ta Biyar ba kafin Laraba, za ta faɗa a gaban ƙungiya, ta faɗa wa Tokunaga kuma. Na ce ta san abin da Tokunaga zai yi da wannan magana, baɗi sai kamfaninsa, mu kuma mu zauna a gida muna kiran juna muna tambayar yanayi.

Ta ce, "Ka bar Tokunaga. In wata motar ta faɗa rami bana, fensirinka zai fito da ita?"

Na ji haushinta ƙwarai. Na ce ta shiga ƙungiyar nan shekara shida kacal. Ta ce ta sani, kuma ni na koya mata cewa ba a taɓa rajista. Ta tafi ta bar ƙofa a buɗe.

Ita za ta hau Karasu. Wannan an gama. Saura shi.

Talata, 15 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na samo hanya, kuma ban ga laifinta ba.

Tsohuwar hanyar da ake bi kafin a fasa ramin dutse tana nan, ta rabu da sabuwa kilomita biyu kafin Karasu. An sa mata shinge a sama, ba inda take kaiwa. Zan ce masa masu shiryawa suna tsoron wani direba ya ɓata ya shige ta, ana bukatar gogaggen mutum a wurin. Tasha ta Tara. Zan ba shi mitar rediyo tasa daban don kada ya shiga cikin sauran, in ajiye ƙaramin rediyo na biyu a teburina in riƙa amsa masa. Zai yi aikinsa, ba wanda zai ji kunya, ba motar da za ta dogara da shi.

Fumie ta ce, "Wato ƙarya za ka yi masa."

Na ce ba ƙarya ba ce, tsari ne. Ta ci gaba da yanka kabewa.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na faɗa masa. Na shimfiɗa taswira a kan tebur na yi ta bayani, na fi minti goma ina magana, ni da ba na son surutu. Ya ɗora yatsa a kan tsohuwar hanyar ya daɗe.

Ya ce, "Wa zai riƙe Karasu?"

Na ce Ushio.

Ya ce, "Tana da kunne." Sai ya dube ni, irin kallon da yake yi wa rediyon da ke ƙara bai gano daga ina ba. Ya ce, "Cibiya ta ce Tara, Tara ke nan."

Ya rubuta a takarda ya liƙa a jikin jakarsa. Ni zan kai shi da safe, ni zan ɗauko shi, don Harumi ta ɓoye makullin motarsa tun bazara.

Ban sa ta Tara a jerin da na buga wa ƙungiya ba. Me zan ce musu in sun tambaya?

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

An ce za a yi ruwa ranar Lahadi. Tokunaga ya kira sau huɗu a kan inda za a ajiye tutoci. Tutoci!

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Na kai shi. Na taya shi kafa rumfar leda da kujera, ya ɗaure eriya a jikin shingen da kansa, ƙulli ɗaya bai kuskure ba. Harumi ta ba shi dunƙulen shinkafa uku da shayi a gora. Waya ba ta kamawa a wurin, na gwada. Ya ce zai kira duk bayan minti goma sha biyar ko da mota ko babu. Na ce ba sai ya wahalar da kansa ba. Ya ce haka ake yi.

Mota ta farko za ta tashi ƙarfe takwas.

Litinin, 21 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban fita ba. Na ce wa Fumie in an kira ba na nan.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Gara in rubuta.

Da safe komai ya tafi daidai. Tashoshi suna faɗo lambobi, ina rubutawa. Duk kwata ƙaramin rediyon ya yi magana: "Cibiya, Tara ce. Babu mota." In ce, "An ji, Tara." Har na fara jin daɗin dabarata.

Sha biyu da rabi ruwa ya sauko da ƙarfi. Ushio ta kira daga Karasu: lamba 41 ta bar ta Huɗu minti ashirin da suka wuce, ba ta iso ba. Tsoho ne da matarsa a buɗaɗɗiyar mota. Nan take kowa ya hau magana lokaci guda, mai ta Bakwai yana ba da shawara, Tokunaga yana tsaye a kaina yana tambaya ko a kira 'yan kwana-kwana, ruwa yana dukan rufin kwano ba na jin rabin abin da ake faɗa. Ana cikin haka ƙaramin rediyon ya yi ƙara. Na miƙa hannu na murɗa shi ƙasa. Na ce a raina minti biyar.

An samu 41 wajen ƙarfe ɗaya da kwata, a bakin wata gona, famfon mai ya mutu, su biyun suna zaune a rumfar manomi suna cin tuffa. Ushio ce ta tsara neman daga sama, ta yi shi da kyau. Mota ta ƙarshe ta shigo biyu da rabi. Sittin da biyu cif. Na ɗauki jerin da na buga na bi shi daga sama: ta Ɗaya, an gode, an sallame ka. Ta Biyu. Har ta Takwas. Na kashe babban rediyo. Wani ya naɗe mini wayoyi ya zuba komai a kwali, har da ƙaramin.

Aka wuce masaukin baƙi mai wurin wankan ruwan zafi cin abinci. Tokunaga ya tashi da kofi a hannu ya ce ya janye maganar kamfani, wai yau ya ga amfanin mutanen rediyo. Aka yi tafi. Aka ce in yi jawabi, na yi. Har na ambaci ƙa'idarmu, cewa ba mu taɓa barin kowa a hanya ba.

Biyar saura minti ashirin na hango Harumi a bakin ƙofa da lema a hannu, tana leƙa fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ban san yadda na fita ba. Ban sha komai ba sai shayi, wannan kaɗai zan iya faɗa wa kaina. Ushio ta biyo ni da bargo ta shiga baya, Harumi a gaba. Da ma Harumi ta zage ni a hanya.

Biyar da kwata, gari ya fara duhu. Yana nan a kan kujerar. Iska ta yage gefen rumfar, ya cire rigar ruwansa ya lulluɓe rediyon da littafin, shi kuma ya jiƙe har wando. Muna fitowa daga mota na ji shi yana cewa, "Cibiya, Tara ce. Babu mota." Ya jira. Ya sunkuya ya rubuta.

Na ce, "Shozo, tashi mu tafi, an gama."

Ya ce, "Ba a sallame ni ba."

Na ce ai ga ni, ni ne Cibiya. Leɓensa ya yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa, amma muryar tana nan yadda take. Ya ce, "Kai Teiji ne. Cibiya a rediyo take."

Harumi ta fara kuka tana jan hannunsa, ya ƙi motsi. Na durƙusa a cikin taɓo na ce masa ya yi haƙuri, babu motar da za ta zo, tun farko ma babu.

Ya ce, "Na sani. Hanyar nan an rufe ta tun kafin a haifi Keiko. Abubuwa suna zube mini, Teiji, amma ban zama wawa ba." Ya gyara rigar a kan rediyon. "Ka ce Tara, na zo Tara. Na ɗauka dai za ka riƙa amsawa."

Na koma mota. Ushio ta juya mini rediyon motar zuwa mitarsa. Yana zaune taku goma daga inda nake, ina ganinsa ta gilashi. Na danna na ce, "Tara, Cibiya ce. An gode da aiki. An sallame ka."

Ya ce, "Tara ta ji. Motocin da suka wuce, babu. Tara ta rufe." Ya faɗi lambar kiransa, ya kashe, sannan ya bar Ushio ta naɗe shi da bargo.

Littafinsa yana wurina, ya shiga cikin kayana. Rubutun tsaf, ba gyara ko ɗaya. Daga ɗaya saura kwata zuwa biyar da kwata layi iri ɗaya ne: babu mota, Cibiya ba ta amsa ba. Na ƙirga, sau goma sha tara.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Zazzaɓi, amma Ushio ta ce ƙirjinsa lafiya. Tokunaga ya aiko kwalin kayan zaƙi da takardar godiya. Na ce Fumie ta kai wa maƙwabta.

Alhamis, 24 ga Oktoba, tsakar rana

Na rubuta wa ƙungiya abin da ya faru, duka, har da fensirin ranar gwaji. Na ce Ushio ta riƙe Cibiya baɗi. Mai ta Bakwai ya kira yana cewa kowa yana mantuwa. Na kashe wayar.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je da littafinsa. Ya warke, yana ɗakin rediyo, batir biyu na caji, jaka a shirye. Na zauna na fara ba shi haƙuri. Ya saurare ni da ladabi kamar baƙo yana ba da labarin wani gari. Da na gama ya ce, "Ranar zagayen yaushe ne? Ina kan Karasu ko?"

Harumi tana tsaye a ƙofa da tiren shayi. Da na ce masa eh, da ya yi murmushi, da mun sha shayi lafiya.

Na ce, "An yi zagayen, Shozo. Ba za ka sake hawa Karasu ba. Kana faɗin mota sau biyu, kana tsallake wata. Ni na gani, na ɓoye."

Ya daɗe yana kallon baturan. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun gwaji. Ya ce, "Da ka faɗa mini." Ya miƙa hannu ya zare cajin da kansa.

A bakin mota Harumi ta ce wataƙila gobe ya sake haɗa jakar, ya sake tambaya. Ta ce ita ba za ta iya faɗa masa kullum ba.

Na ce ƙarfe nawa yake tashi. Ta ce tara.

Gobe ƙarfe goma zan je.